Yadda Direban Motar Wasiƙu a Amurka Zai Bi Kadin Kuɗinsa na Lafiya da Walwala

Hukumar gidan waya ta Amurka ba ita kaɗai ke jigilar wasiƙunta ba, tana ba kamfanoni masu manyan motoci kwangilar ɗaukar su daga wannan cibiya zuwa waccan. Direban da ke tuƙi a irin wannan kwangila yana ƙarƙashin dokar McNamara-O'Hara ta shekarar 1965, wadda ta shafi kwangilolin ayyukan gwamnatin tarayya da suka haura dala 2,500, kuma ta wajabta wa kamfani ya biya shi kuɗin lafiya da walwala ƙari a kan albashinsa. Direbobi da dama sun shekara suna tuƙi cikin dare ba su san da wannan haƙƙi ba.

Da farko ka tabbatar dokar ta shafe ka. Wanda yake da motarsa, ya ƙulla kwangila kai tsaye da gidan waya, kuma shi kaɗai ke tuƙa ta, ba ya ciki. Amma idan kamfani kake yi wa aiki, kana ciki, ko da ya laƙaba maka sunan ɗan kwangila mai zaman kansa.

Sannan ka nemi takardar ƙayyade albashi da Ma'aikatar Ƙwadago ke fitarwa, wadda ake kira Wage Determination. Wajibi ne kamfani ya manna ta a wurin aiki ko ya sanar da kai abin da ke cikinta, ana kuma samun ta a shafin SAM.gov. Jigilar wasiƙu tana da nata takardun daban, saboda haka adadin da ke cikin takardar da aka haɗa da kwangilarku shi ne abin dogaro. Ka kuma sani cewa sabon adadi ba ya shiga tsohuwar kwangila ranar da aka sanar da shi, sai lokacin sabunta ta ya yi.

Lissafin shi ne wurin da ya kamata ka natsu. A tsarin da aka fi amfani da shi, ana biyan kuɗin ne a kan kowace awa da aka biya ka albashinta, har da ranakun hutun da ake biya, amma bai wuce awa 40 a mako ba, wato awa 2,080 a shekara. A watan Yulin 2024 adadin gama-gari ya koma dala 5.36 a kowace awa. Wanda ya cika awa 40 a kan wannan adadi yana bin dala 214.40 a mako, abin da ya haura dala 11,000 a shekara. Wannan kuɗi ne da ke iya riƙe hayar gida na watanni, bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Yanzu ɗauko takardar albashinka ka duba layin da aka rubuta H&W, wato gajeren sunan kuɗin lafiya da walwala a Turance. Kamfani yana da zaɓi: ya ba ka kuɗin a hannu ranar albashi, ko ya zuba su a inshorar lafiya ko asusun fansho da sunanka, ko ya haɗa biyun. Idan inshorar da ya saya maka ba ta kai adadin ba, dole ya cike gurbin. Abin da doka ba ta yarda da shi ba shi ne kamfani ya ce albashinka ya riga ya fi ƙa'ida, don haka kuɗin lafiyar yana ciki. Dole a ware shi daban a rubuce. Idan asusu ake zubawa, ka nemi shaidar zubin, domin bai halatta a wuce wata uku ba a zuba ba. A ganina, mai iyali ya yi dogon tunani kafin ya fifita kuɗin hannu, domin ana cire masa haraji, kuma jinya a Amurka tana da ɗan karen tsada.

Idan ka ga giɓi, fara da ofishin albashi na kamfanin, a rubuce, ka kuma adana kwafi tare da takardun albashinka da bayanan awoyin tuƙinka. In ba a gyara ba, kai ƙara sashen albashi da awoyin aiki na Ma'aikatar Ƙwadago, domin shi ke da hurumin bincike. Kamfani yana adana bayanan shekara 3, kuma gwamnati na iya riƙe kuɗin kwangilarsa ta biya ka bashinka, ta kuma hana shi sabuwar kwangila har tsawon shekara 3.