Yadda Ake Jiƙa Zoɓorodo Ba Tare da An Kashe Amfaninsa Ba

Zoɓorodo, wanda mutanen Sudan ke kira karkade, shi ne jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwanson 'ya'yan yakuwa. Jihar Jigawa na cikin manyan wuraren da ake noma shi, kuma daga Najeriya ake fitar da shi har Meziko. Amfaninsa ga lafiya ya rataya ne a kan sinadarai iri biyu: antosayanin, wanda ke ba shi jan launinsa, da kuma sinadaran tsami da ke sa a ji shi a harshe. Shi antosayanin ba ya jure doguwar tafasa, don haka yadda aka sarrafa zoɓo shi ke nuna ko magani aka sha ko kuwa jan ruwa mai zaƙi kawai.

A kasuwa, a nemi busasshen zoɓo mai ja sosai wanda ya karkata zuwa baƙi, domin duhun launin alama ce ta yawan antosayanin. Wanda ya dushe ko ya yi fumfuna a bar wa mai shi. Da yake a ƙasa ake yawan shanya shi, sai a ɗauraye shi da ruwan sanyi cikin hanzari don yashi ya fita. Idan aka bar shi ya daɗe a ruwan ɗauraya, jan da ake zubarwa shi ne ainihin abin da aka saya.

Batun awo ya fi kowane muhimmanci. A binciken da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka wallafa a 2010, mutum 65 masu hawan jini marar tsanani ne suka shiga gwajin, inda waɗanda aka ba zoɓo suka riƙa shan kofi uku a rana har mako shida, kuma lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Kowane kofi giram 1.25 ne na zoɓo a cikin ruwa mililita 240, wato abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya na dakakken zoɓo ba. Wannan ya yi ƙasa ƙwarai da abin da muka saba ɗibgawa a tukunya.

A tafasa ruwa shi kaɗai, a sauke, a zuba a kan zoɓon a cikin kofin tangaran ko na gilashi, a rufe na tsawon minti shida zuwa goma, sannan a tace. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyom, saboda tsamin zoɓo yana cin jikinta. Mai firij yana iya jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, abin da ke ba da launi mai kyau da tsami mai sauƙi. Citta da kanumfari ba su da laifi. Kanwa ce matsala: wasu na jefa ta don kashe tsami, alhali antosayanin a cikin tsami yake zama daram, kuma duk wanda ya ga yadda zoɓo ke rikiɗewa ya yi duhu da zarar kanwa ta taɓa shi, to ya ga sinadarin yana lalacewa a gaban idonsa. Sukari ma a rage shi matuƙa, domin a ganina babu hikima mutum ya nemi saukar da jini da abin sha mai zaƙin lemon kwalba. Abin da aka haɗa a shanye shi a ranar, ko a ajiye a firij kwana biyu, don yana saurin lalacewa a lokacin zafi.

Mai shan maganin hawan jini na asibiti kada ya ajiye shi saboda zoɓo, kuma ya sanar da likitansa kafin ya mayar da shan zoɓo na kullum, tun da haɗuwar biyun na iya sa jini ya faɗi fiye da kima har jiri ya ɗebe shi. Wani bincike a Sudan ya nuna cewa karkade yana rage yawan kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, da jiki ke tsotsa, saboda haka kada a kora ƙwayar magani da zoɓo. A sha ta da ruwa. Mace mai juna biyu kuwa ta haƙura da shan sa a matsayin magani har sai ta sauka lafiya.