Yadda mai jiran dawowar Yesu zai shirya gidansa a Legas

'Yan'uwa, duk lokacin da abu ya ɗan rikice a ƙasar nan sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp, wai alamu sun cika, wai an kusa busa ƙaho, a tura wa mutum goma. Daga nan sai mu rabu biyu. Wasu su tsorata su kwashi kuɗin makarantar yara su tafi kasuwar Mile 12 su jibgo buhunan da ko wurin ajewa ba su da shi, wasu kuma su ce ai tunda Yesu na dawowa me za a yi da tanadi, Allah da ya ciyar da Iliya ta wurin hankaki ba zai bar mu ba. Ni dai na gaskata da dukan zuciyata cewa Ubangiji zai dawo, kuma da wannan bangaskiyar nake aje jarkokin ruwa a bayan ƙofa.

Ranar kam ba wanda ya san ta, Yesu da bakinsa ya faɗa a Matiyu 24:36, ko mala'iku ba su sani ba. Wani mai wa'azi a Amurka, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, mutane suka sayar da kayansu suka bar aiki, rana ta zo ta wuce. Kuma ko da mun san ranar, buhun shinkafa ba ya tsare kowa a gaban kursiyin shari'a, shirin wannan rana tuba ne da zama cikin Kristi, ba a sayensa a kasuwa. Abin da nake magana a kai shi ne wahalhalun da ya ce za a yi ta gani kafin nan, yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu da yunwa, a sura ɗaya ɗin nan ya ce kada hankalinmu ya tashi, ƙarshen tukuna. Mu na Legas ai mun ɗanɗana, kullen korona da aka fara 30 ga Maris 2020, dokar hana fita ta lokacin EndSARS a Oktoban shekarar, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga ambaliya kusan kowace damina.

Ku duba abin da ikilisiyar Antakiya ta yi a Ayyukan Manzanni 11. Annabi Agabas ya tashi ya ce babbar yunwa na zuwa, kuma ta zo a zamanin Kalaudiyas. Mutanen nan sun fi mu sa ran ganin Yesu da idonsu, amma ba su naɗe hannu ba, ba su kuma gudu daji ba, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka ba Barnaba da Shawulu su kai wa 'yan'uwa a Yahudiya. Annabci ya zo, abin da ya biyo baya tara gudummawa ne. Irin shirin da nake so mu yi ke nan.

To ku fara da ruwa, don shi ke fara yankewa. Yawancinmu a Agege, Idi-Araba, Ijora ko Alaba Rago burtsatsen mai gida muke sha ko mu saya wurin 'yan ga-ruwa, shi kuwa burtsatse sai da wuta, in nefa ta ɗauke fetur kuma ya yi wuya to tankin sama ba zai kwana biyu ba, fiya wata ma sai ta tashi. Lissafin mai sauƙi ne, ku ware wa kowane mutum kamar lita 4 a rana na sha da girki kawai, ban da wanka, kenan gida mai mutum shida jarka ɗaya mai lita 25 yake bukata kullum. Jarka uku sun kai ku kwana uku, daga nan ku ƙara in akwai wuri. Jarkar man gyaɗa da aka wanke tas ta yi, amma wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari kada a kuskura. A rufe, a aje inda rana ba ta bugu, a riƙa amfani da shi ana sake cikawa. Duk ruwan da ba ku yarda da shi ba a tafasa, ya yi minti ɗaya yana tafarfasa sosai, ko a sa WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 ta isa ta tuna mana. In gudawa ta kama yaro babu ORS na kemis a kusa, a samu lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Abinci kuma ba sai an ci bashi ba. Yusufu a Masar kashi ɗaya cikin biyar ya riƙa warewa a shekarun ƙoshi, a hankali rumbuna suka cika. Mama, duk ranar da kika je cefane ki ƙara derika ɗaya ta wake ko shinkafa ki aje gefe, har ki ga abin da zai riƙe gida sati biyu, nan ki tsaya. Ki tabbata akwai abin da za a ci ba tare da hura wuta ba, garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da kifin gwangwani, don ranar da ruwa ya shiga kicin ko gas ya ƙare su ne za su rufa asiri. Sai kayan miyan da ba su san firji ba, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, manja. Amma fa Legas ba Jos ba ce, ba Zonkwa ba ce, danshin garin nan ba ya barin niƙaƙƙen gari ya daɗe, garin masaran da aka aiko daga gida sai ya dunƙule ya yi ɗaci. Gara a aje tsaba a riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, a zuba cikin robar fenti mai murfi mai kamawa, a ɗora kan benci kada ta taɓa ƙasa. Wake a jefa masa busasshen barkono, a riƙa shanya shi in rana ta fito. Kuma a ci na tsoho a mayar da sabo, tanadin da aka rufe shekara ba a buɗe ba ƙwari ne za su ci.

Batun kuɗi, wanda ya tsaya layin ATM a Fabrairun 2023 ba sai an yi masa bayani ba, kuɗinka na banki, tiransifa ta maƙale, mai POS na yankar rabonsa, mai tumatir kuma ta ce sai tsaba. Ku aje ɗan canji a gida, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar, iya abin da zai yi cefanen kwana uku da kuɗin mota, sauran ya zauna a banki don gobara ba ta tambaya. A lokacin nan an yi ta cewa wannan hana tsabar kuɗi shi ne alamar dabbar da ke cikin Wahayi 13, an faɗi haka a kan BVN, an faɗa a kan NIN, an faɗa a kan rigakafin korona. Ni ban yarda ba, domin alamar da nassi ya yi magana a kai tana tafe ne da yi wa dabbar sujada, ba abu ba ne da zai kama mai bi a ofishin rajista bai sani ba. Kada tsoro ya hana ka yin NIN har a toshe maka layi, ranar da rikici ya tashi ka rasa yadda za ka kira iyalinka.

Takardu a haɗa su wuri ɗaya cikin leda mai zif, na haihuwar yara, sakamakon makaranta, takardar aure, katin baftisma, rasit ɗin haya, a ɗauki hotonsu a tura wa wani ɗan'uwa a gida. Mai shan maganin hawan jini ko suga ko asma, da mai yaro mai sikila, kada a bari magani ya sauka ƙasa da na sati biyu kafin a ƙaro, a ci gaba da addu'ar warkarwa ana sha.

Akwai shirin da shi kansa kashe mutane yake yi, wannan don Allah ku ji ni da kyau. Fetur a cikin ɗakin kwana ko ƙarƙashin bene a gidan haya mai ɗaki-ɗaki inda kowa ke girki a baranda, a'a. Janareta a cikin ɗaki ko a lungu ko dab da taga saboda tsoron ɓarayi, a'a, akwai guba a hayaƙinsa da ba a gani ba a jin warinta, iyali guda sukan kwanta barci a wayi gari babu ko ɗaya. In kun ji warin gas kada a taɓa makunnin wuta, kada a ƙyasta ashana, a rufe kan silinda a buɗe tagogi a fita. Kyandir a bar shi, fitila mai caji da tocila da fawa bank sun fi, sai ƙaramin rediyo mai batir. Lambobin gaggawa na Legas 767 da 112 ne, kyauta ake kira, kowa a gida ya haddace.

Masu zama Agiliti, Owode da Isheri kun san halin kogin Ogun in aka saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, sauranmu kuma Yuni da Yuli ne. Ruwa ya fara shiga gida, abu na farko a kashe wuta daga mita, kuma kada a bar yaro ya taka ruwan titi, buɗaɗɗen lambatu na ƙarƙashi ba a ganinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi, mutane ba su san me ke faruwa ba, wasu suka ɗauka juyin mulki ne wasu yaƙi, kowa ya ranta a na kare. Sama da mutum 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba, gudu suka yi har suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa da ciyawa ta rufe samanta, na baya na turo na gaba, da yawa mata ne da ƙananan yara. Yara da dama kuma suka ɓace wa iyayensu kwana da kwanaki. Shi ya sa nake roƙonku ku zauna da yaranku bayan addu'ar dare ku yi magana a fili: in abu ya faru muna waje ina za mu haɗu, in ba a iya isa gida ba wane wuri ne na biyu, majami'a ce ko gidan kawu, wa zai ɗauko ƙanana daga makaranta, wa zai riƙe kaka. Kowane yaro ya iya faɗin cikakken sunan babansa da sunan unguwa da lambar waya ɗaya da ka, a kuma rubuta a takarda a sa a jakar makaranta, don waya na mutuwa. A koya musu cewa in sun ga taro na gudu su raɓe jikin bango su duba inda suke sa ƙafa tukuna. Kuma yadda muke ba su labarin ƙarshen zamani ma mu duba, yaron da kullum ake tsorata shi da cewa za a fyauce kowa a bar shi, in ya ji ƙara mai ƙarfi hankalinsa ba zai zauna ba. A gaya masa mai zuwan nan Mai Cetonsa ne da ya san sunansa.

Saƙon da ya shigo waya ba sunan wanda ya rubuta, ba rana ba wuri, kada ka tura. Kira wani da ke unguwar da aka ambata ka ji.

Sai maƙwabta. Mai arzikin nan na Luka 12 da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, duk maganarsa ni ce da raina, ba kowa a lissafinsa, Allah ya kira shi wawa. In tanadinka ya sa ka fara ɓoye wa na ɗakin kusa, to ka binciki zuciyarka. Mu Kiristoci masu jin Hausa a nan matsayinmu sai a hankali, a titi Bahaushe ake ganinka ko kai Bajju ne ko Tangale ko Bura ko Dakarkari, kuma da rikici ya tashi a Mile 12 a Maris 2016 har aka rufe kasuwa aka sa dokar hana fita, ba wanda ke tsayawa tambayar cocin da kake zuwa. Wanda zai buɗe maka ƙofa ranar nan shi ne Bayaraben da kuke gaisawa kullum, ko Alhajin da ka je masa ta'aziyya, ko matar da kuka sam wa ruwa da nefa ta yi sati ba ta zo ba. Ku sa rabonsu cikin lissafin derikar nan tun yanzu.

A ikilisiya kuma, ko ECWA kuke ko COCIN ko EYN ko HEKAN, ku je wurin Baba Pasto da dattawa ku ce a rubuta sunayen waɗanda kulle zai fi bugu, gwauraye, tsofaffi, samarin da ke gadi suna kwana a bakin get, masu aikin yini da in ba su fita ba ba za su ci ba, a san wa ke kusa da wa. Zumuntar mata ta iya riƙe ɗan rumbu, kowace ta kawo derika ɗaya a wata, a riƙa raba na tsoho ga mabukata kada ya lalace. A gida kuwa ku sa lokaci biyu a shekara na dubawa, ɗaya a Maris kafin ruwa ya sauka, ɗaya a Disamba kafin tafiyar Kirsimeti, a zazzage jarkoki a wanke, a duba ranar lalacewar magani da gwangwani, a gwada tocila da rediyo, a sake tambayar yara lambar wayar da suka haddace.