Kurakuran da aka fi yi a Kano lokacin gobara, faɗawa rijiya, cizon kare da zuwan hukuma

Yawancin ɓarnar da ake tafkawa a gobara ko hatsari a cikin Kano tana faruwa ne kafin ma'aikata su iso, kuma sau da yawa a hannun waɗanda suka rugo da niyyar taimako. Ba mugunta ba ce, rashin sanin abin da za a fara yi ne.

Kiran da ake yi a makare, da kwatancen da ba ya kai mota

Wuta ta tashi, kowa ya ɗauki bokiti, sai ta kama silin sannan wani ya tuna da 'yan kwana-kwana. Kira shi ne farko, bokiti ya biyo baya. A cikin taro kuwa kowa yana zaton wani ya riga ya kira, don haka a nuna mutum ɗaya a ce masa, "Malam, kai ka kira." Lambar 112 kyauta ce, tana shiga ko babu kati a waya. Hatsarin mota a manyan hanyoyi kamar titin Zariya ko na Haɗeja kuwa, 122 ce lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Abin da ya fi waɗannan sauri shi ne lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da unguwarku. A je a karɓo ta tun ana zaune lafiya, a rubuta a bangon zaure ko a ƙofar masallaci.

Sai kwatance. "Gobara a Ɗorayi!" bai gaya wa direba komai ba. Ɗorayi Babba ko Ƙarama? Kurnar Asabe ko Babban Layi? A faɗi unguwa, babban titin da za a biyo, da wata alama da kowa ya sani, kamar masallacin Juma'a, gidan mai ko firamare. A faɗi abin da ke ci, ko akwai mutane a ciki, ko akwai tukunyar gas ko jarkar fetur. A cikin birni, irin su Yakasai, Mandawari da Koƙi, akwai lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, sai dai ta tsaya a bakin titi a ja mesa. To a gaya musu bakin titin da ya fi kusa, a tura saurayi ɗaya ya tsaya can ya tare su. Wanda ya kira kada ya kashe wayarsa, za su sake nemansa. In an ci ƙarfin wutar kafin su zo, a sanar da su, domin motar da ta fito a banza wata unguwar ce ta rasa ta.

Akwai ɗabi'ar da ya kamata a faɗe ta ƙarara: 'yan kallo su cika layi, masu Adaidaita Sahu su tsaya a mashiga, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, in ruwan motar ya ƙare a hau zagi, wani lokaci har da jifa. Tankin da ke ɗauke da lita 5,000, in mesa tana fitar da lita 500 a minti, minti 10 ne ya ƙare. Ba da rabin tanki suka zo ba, iyakar abin ke nan. Taimakon da ke da amfani shi ne a buɗe hanya, a nuna musu rijiyar burtsatse ko tankin ruwa mafi kusa.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba

Man gyaɗa ya kama a kasko, an watsa ruwa, wutar ta yi tsalle ta kama fuska da labule. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man mai zafi, nan take ya zama tururi, ya watso man sama. Gyara: a kashe risho ko gas, a rufe kaskon da murfi ko faranti, a bar shi rufe har ya huce. Fetur kuwa yana yawo ne a kan ruwa, sai ruwan ya kai wutar inda ba ta kai ba. Yashi ake zuba masa. Wutar lantarki, a fara sauke babban makunni ko a cire fiyus kafin ruwa ya taɓa wurin.

In an ji warin gas, kada a taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, kada a ƙyasta ashana don a duba. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe ƙaramar tagar sama kaɗai ba ya fitar da shi. Ana gwada yoyo ne da ruwan sabulu a bakin tiyo da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa a canja shi, ba a naɗe shi da leda.

Wani kuskuren na lokacin sanyi ne. An ɗauke wuta, an bar hita a bokitin roba ko dutsen guga a jone, an kwanta. Aka dawo da wuta tsakar dare. Haka shaguna. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, cikin dare ta tashi, lokacin masu dukiya suna gida. Duk mai shago ya sauke makunninsa kafin ya sa kwaɗo. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina, da janareta a cikin zaure ko ƙarƙashin taga, suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Gidan da duk tagoginsa an yi musu walda da ƙarfe, a mai da ɗaya mai buɗewa, a rataye makullin kusa da ita inda kowa ya sani.

Wanda ya ƙone, ruwan sanyi mai gudu za a yi ta zuba wa wurin har minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓanɓare tufar da ta manne. A nufi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada a tsaya neman takardar 'yan sanda tukuna: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa, ta 2017 kuma ta tilasta karɓar wanda aka harba ko babu wannan takarda.

Rijiya da masai

A nan ne mutum ɗaya yake zama uku. Wani ya faɗa ko ya shiga yasa ya daina amsawa, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi na biyu. A ƙasan tsohuwar rijiya ko ramin masai iskar numfashi tana ƙaranci, numfashi kaɗan ya isa mutum ya suma, komai ƙarfinsa. Wanda ya yi shiru a ƙasa, alama ce ta cewa iskar wurin ba ta da kyau. Kada kowa ya sauka. A kira 'yan kwana-kwana, ceto daga rijiya da kududdufi aikinsu ne, har na dabba. Kafin su iso a buɗe bakin ramin gaba ɗaya, a tura iska da fanka, in yana iya kama igiya a zura masa. Kada a zura fitilar aci-balbal ko kyandir a masai, iskar cikinsa tana iya kamawa da wuta.

Cizon kare

Kurakurai uku ake haɗawa: a kashe karen a jefar, a ƙona gashinsa a shafa wa ciwon, a zauna gida tunda cizon ƙarami ne. Ciwon haukan kare yakan yi wata biyu ko uku bai nuna ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In ya nuna, da tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan babu mai tashi. Kafin ya nuna kuwa allura tana tare shi.

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, domin abin ya fi yadda ake zato tsawo. A sa aidin, kada a ɗaure tam. A je asibiti a ranar. Ana yin allurar ne a ranar farko, sai kwana 3 bayan ta farko, sai kwana 7 bayan ta farko, wani tsarin kuma akwai ƙari daga baya. Mutane da yawa suna karɓar ta farko, ciwo ya warke, su daina zuwa. Cizon fuska, wuya ko yatsu ya fi haɗari. Yaƙushin kyanwa da ya fitar da jini shi ma a kai shi. Karen, in yana da mai shi, a tsare shi kwana 10 ana lura, amma ba a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. In an riga an kashe shi, kada a fasa kan, a sanar da likitan dabbobi, da ƙwaƙwalwar ake gwaji. Mai kiwon karen gadi ko na farauta ya yi masa rigakafi tun yana wata uku, sannan duk shekara, ya adana katin. Zuba guba a bola don karnukan layi kuwa, awaki da kajin maƙwabta ne ke fara ci, yara kuma a wurin suke wasa.

Awaki, mushe da jan fenti

Akuyar da ta shigo gida ta yi ɓarna ba a dukanta har a karya, ba a ɓoye ta. Wurin mai unguwa ake kai ta a yi cigiya, a can za a yi maganar diyya. Wanda ya riƙe ta a ɓoye, shi mai ƙara sai ya koma wanda ake tuhuma. Mushe ba a jefa shi a kwata, binnewa ake yi da zurfi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, a kira likitan dabbobi.

Yawan wahalar da ake sha da hukuma ta zuwa ofishin da ba shi ba ne. Shara da bola na hukumar kwashe shara ne, wato REMASAB. Izinin gini, ƙara bene, ko fitar da shago zuwa bakin titi na hukumar tsara birane ne, wato KNUPDA. Ajiye mota ba daidai ba da tare hanya na hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ne, wato KAROTA. Masai mai ambaliya da ruwan wanka da ake sako wa layi, duba-gari na ƙaramar hukuma ake kai wa. Wayar lantarki da ta faɗo, kamfanin rarraba wuta na KEDCO za a kira, a tsare wurin, kada a ɗaga ta da sanda, musamman da damina. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, amma yashe kwata a tara dagwalon a gefenta aikin banza ne, ruwan farko zai mai da shi ciki. 'Yan Kantin Kwari sun ga abin da toshewar magudana ke jawowa a ambaliyar 2022.

In aka wayi gari an ga jan fenti a bango, wato alamar da hukuma ke yi wa ginin da take ganin ya saɓa ƙa'ida, shafe shi da farar ƙasa ko ƙara leburori don a gama da sauri ba ya soke komai, asarar kawai yake ƙarawa. A tsayar da aiki, a ɗauki takardun fili da izinin gini a je ofishin da ya yi alamar. Kowace tara aka yanka, a nemi rasit mai sunan hukumar da laifin da aka rubuta. Kuɗin da aka miƙa a hannu babu rasit ba ya rufe fayil, wata tawagar za ta zo ta tarar da laifin yana nan.