Yadda ake fassara kalmar "thick" zuwa Hausa

Wani ɗalibina ya taɓa fassara "thick forest" da "daji mai kauri", aji ya fashe da dariya. Ba laifinsa ba ne, ƙamus ɗinsa ma'ana ɗaya ya ba shi. Ga hanyar da nake bi in na ci karo da kalmar.

Da farko dubi abin da ta siffanta. In abu ne da za ka auna daga wannan fuska zuwa waccan, kamar katako, bango ko katifa, to kauri ne. "Two inches thick" na nufin kaurinsa inci 2, wato santimita 5 da ɗan ɗoriya.

In abin sha ne ko miya, nan ma kauri ne: kunu ya yi kauri, in ruwa ya yi masa yawa kuma a ce ya tsinke. Sai dai ka kula da lanƙwasa. Ka rubuta "miya ta yi ƙauri", ka ce ta ƙone ke nan, kuma mai girkin ba za ta yafe maka ba.

Mataki na uku shi ne inda ake yawan tuntuɓe. In abubuwa ne da suka cunkushe wuri guda, ajiye kauri gefe, ka tambayi kanka yadda Bahaushe yake faɗa. Daji ƙungurmi ne ko surƙuƙi. Hayaƙi turnuƙewa yake yi, hazo kuwa rufe gari yake har ba ka hango na gabanka. Gashi cika gare shi. Sau da yawa abin da Bature ya faɗa da siffa, mu da aikatau muke faɗarsa.

In mutum aka kira haka, duba bakin wa ta fito. A Ingila zagi ne, daƙiƙi ake nufi. A bakin matasan Amurka kuwa yabon mace ce mai cikar jiki.

Karin magana kuma a nemo masa ɗan'uwansa: "thick as thieves" kamar tif da taya, "through thick and thin" ana daɗi ana wuya.

Kada ka kai "thick" rijiya ko kogi. Can zurfi ne, kuma "deep" ce ke da wurin.