Kurakuran da Aka Fi Yi a Hanyar Mai da Salansar Ƙaramin Babur, da Gyaransu

A garejin babura da yawa, daga Garwa zuwa Marwa har Kuseri, da an turo ƙaramin babur yana shaƙewa ko yana mutuwa a silo, abin da yaron gareji ke fara yi shi ne kwance kafireta. A wanke, a hura, a murɗa wannan sukuru a murɗa wancan, mai babur ya biya ya tafi, bayan kwana uku ya dawo da ciwon da ya kawo shi. Kafireta ita ce ƙarshen hanyar mai, shi ya sa duk abin da ya lalace a tanki, a tiyo ko a matatar iska, a jikinta yake nunawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, in an auna da nauyi, kuma kusan duk kuskuren da ke ƙasa wannan awon yake ɓatawa. Bayanin ya fi shafar roba-roba masu nau'in injin da ake kira GY6, na cc 50, 125 da 150, da kuma ƙananan 110 masu kafireta.

Mai da tanki

Yawancinmu zuwa-zuwa muke sha, man kwalba na bakin titi da ke shigowa daga Najeriya. Illarsa tana cikin jarkar da ya kwana, da mazurarin da ƙura ta lulluɓe, da ruwa ko kananzir da ya samu shiga. Gwajin ba wuya. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar wake. A ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa nan take bai bar tabo ba, mai kananzir kuwa yana barin maiƙo. Babur ɗin da ya sha kananzir yana wuyar tashi da safe, yana ƙwanƙwasa a hawa, kuma baƙin mansa yana tsinkewa da wuri.

In ruwa ya riga ya shiga, ba sai an kwance kafireta ba. A ƙasan kofinta akwai sukurun zubar da mai. A tara kwalba, a sassauta shi, a bari ya zuba har mai tsabta ya fito. Idan ruwan ya ci gaba da dawowa, tanki ne ke son juyewa. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne cire 'yar filtar mai don ta toshe, a haɗa tiyo kai tsaye. Toshewar da ta yi shaida ce ta yi aikinta. A sa sabuwa, a duba kibiyar da ke jikinta ta nuna wajen kafireta.

Akwai ciwon da ke cinye kuɗin mutane a banza: babur ya yi tafiyar 'yan kilomita ya mutu, a tsaya kaɗan ya sake tashi. Sai a sayi sabon CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar inji, a sayi koyil, a canja buji, wato fulogi. Kafin a sayi komai, da ya mutu a buɗe murfin tanki. In an ji ya zuƙi iska, kuma babur ya tashi ya ci gaba, hujin shaƙar tanki ne ya toshe, mai ba ya iya sauka tunda iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. A baburan da ke da gwangwanin gawayi, wanda ke tare tururin fetur ya mayar wa inji, cika tanki har wuya ne ke jawo hakan, domin mai yana malala ya jiƙa gawayin. A bar tazarar yatsa biyu daga bakin tanki, balle a watan Afrilu da mai ke kumbura a rana.

Famfon mai da zuƙar inji ke buɗewa

Roba-roba da yawa ba su da famfon da ake murɗawa da hannu. Nasu yana da siririn tiyo da ke zuwa wuyan kafireta, zuƙar inji ce ke jan fatar roba a ciki ta buɗe wa mai hanya. A cire tiyon mai daga kafireta a sa a kwalba, a buga kik ko sitata: mai ya kamata ya zubo sosai, ya tsaya in inji ya tsaya. In an ga fetur a cikin siririn tiyon, fatar ta yage, famfon sai canji.

Abin da bai kamata ba shi ne tsallake famfon a haɗa tanki da kafireta ba makulli. Ranar da allurar fulota, wadda ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, ta ƙi rufewa, fetur zai kwana yana tsiyaya, ya cika silinda, ya gangara cikin baƙin mai. Alamarsa, baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, kuma yana warin fetur. Irin wannan man ba ya kare ƙarfe. A zubar, a zuba sabo, kusan lita 0.7 zuwa 0.8 a GY6. Ga wanda baburinsa ke kwana a zaure ko a ɗaki kusa da murhu, wannan batun gobara ne. In dole ne a tsallake, a sa famfon hannu a riƙa rufewa.

Matatar iska da hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu matata tana toshewa cikin kwanaki. Babur ya yi nauyi, ya riƙa shan mai, buji ya yi baƙi. Sai wani ya cire matatar gaba ɗaya, ko ya huda ta da ƙusa. Ƙurar hunturu garin yashi ce, tana cin zobban fistan da bangon silinda kamar sanfefa, kafin damina babur ya fara shuɗin hayaƙi. Ga GY6 kuma akwai ƙari: kafiretarsa mai fatar roba ce a sama, tana bukatar akwatin iska kafin allura ta ɗaga daidai, shi ya sa in an cire akwatin, da an ba shi totur sai ya shaƙe.

Matatar soso a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta, a matse har ba ta ɗiga. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Ta takarda kuwa ba a wankewa, ba a sa mata mai. A kakkaɓe, in ta yi duhu a canja. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ke yini a titi ya riƙa dubawa duk mako a hunturu.

Kusa da nan akwai wuyan roba da ya haɗa kafireta da kan inji. Zafin da ke wuce digiri 40 yana tsattsaga shi, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Silo ya rataye a sama, an saki totur ya daɗe bai sauko ba, buji ya yi fari. A bar inji a silo a fesa ruwan sabulu a wuyan. In muryar inji ta canja, wurin yana yoyo. Ba sukurun da zai gyara wannan.

In lallai kafireta ce

Jikila, wato 'yan ƙarafan tagulla masu hujin da mai ke bi, ba a soka musu allura ko wayar birki. Hujin ƙaramar jikila bai kai rabin milimita ba, tagulla kuma mai laushi ce. Suka ɗaya ta isa ta faɗaɗa shi, babur ya koma shan mai har abada. A jiƙa su a fetur mai tsabta, a hura da iskar famfo, a ɗaga wa haske a ga hujin ya zagaye tsaf. In ya ƙi, zaren buroshin roba ya isa. Fatar sama a ɗaga ta ga rana a nemi huji, kada tina ta taɓa ta, kuma a tabbatar bakinta ya zauna a ramin sa kafin a rufe.

Sukurun gauraya shi ne aka fi juyawa a makance, alhali kala biyu ne. In yana ɓangaren inji, kamar a GY6, mai yake sarrafawa: a fito da shi mai ya ƙaru, kuma ana farawa daga juyi 2 zuwa 2 da rabi. In yana ɓangaren matata, kamar a yawancin 110, iska yake sarrafawa: a fito da shi mai ya ragu, ana farawa daga juyi 1 da rabi. A shigar da shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ba a ɗaurewa da ƙarfi don tsininsa na karyewa, sannan a ƙirga juyin fitowa. A ɗumama inji minti goma, a riƙa juya kwata-kwata ana sauraro, a tsaya inda muryar ta fi tashi ta fi daidaita, daga nan a sauke silo da nasa sukurun zuwa wajen juyin inji 1,500 zuwa 1,700 a minti. A sukurun da ke sarrafa mai, in sai an wuce juyi 3 kafin ya daidaita, ƙaramar jikila ce a toshe ko iska na yoyo.

Kuskuren da ya fi zafi shi ne matse mai don tattali: a sa ƙaramar jikila, a sauke allura, a ce lita za ta daɗe. An san dalili, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 kwalba ta yi tsada. Sai dai wannan injin iska ce ke sanyaya shi, kuma man da ke shiga yana rage masa zafi. In ya yi ƙaranci, a zafin Marwa, bawul ɗin salansa zai ƙone, wani lokaci kan fistan ya huje. Buji ne alƙali: launin ƙasa kamar shayi da madara daidai ne, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Babbar jikilar GY6 150 tana zuwa wajen lamba 105 zuwa 110, ƙarama 35. In za a canja, mataki ɗaya a lokaci guda, a yi tafiya a duba buji. Wanda aka saita a Garwa in ya hau Ngaundare, mai tudun kusan mita 1,100, zai ɗan yi yawan mai don iskar can ta fi sauƙi. Gyaran sukuru yakan isa.

Cok ɗin GY6 na lantarki ne, kuma aikinsa ya saɓa wa yadda ake zato: a sanyi a buɗe yake, wuta ce ke ɗumama shi allurarsa ta sauko ta rufe ƙarin man. Wanda ya cire wayarsa ya bar cok a buɗe kullum. In babur yana da lafiya da safe amma yana shaƙewa in ya yi zafi, a ciro cok ɗin a jona shi da batir mai volt 12. Cikin minti biyar allura ta fito da wajen milimita 3 zuwa 4. In ba ta motsa ba, ya mutu.

Bawul da ya matse ma yana kwaikwayon ciwon kafireta, wuyar tashi da mutuwa a silo. A auna tazarar bawul inji na sanyi: wajen milimita 0.05 a 50, da 0.08 zuwa 0.10 a 125 da 150. Tazarar bakin buji kuma 0.6 zuwa 0.7.

Salansa da tiyoyin hayaƙi

A gefen kan injin wasu babura akwai ƙaramin akwati da bututun ƙarfe da ke zuwa bakin salansa. Iska mai tsabta yake turawa don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa. Ana cire shi da sunan ƙarin gudu, alhali bai taɓa abin da ke shiga silinda ba, ko kaɗan ba ya rage ƙarfi. In babur yana tas-tas idan an saki totur, a fara duba gasket ɗin salansa, sannan a buɗe akwatin a kankare kunkunniyar da ke hana siririn harshen ƙarfen ciki rufewa. Wanda aka riga aka yanke, a duba ko an bar bakin siririn tiyonsa a buɗe a wuyan kafireta, don wannan yoyon iska ne. A toshe shi, a rufe hujin kan inji da farantin ƙarfe da gasket.

Fasa salansa a kwashe cikinta ƙara kawai take ƙarawa. Ƙarfin tashi yana raguwa, mai yana yin kaɗan, kuma in akwai matacin nan mai kama da saƙar zuma, hayaƙin da yake tacewa duk ya koma hancin wanda ke baya. Sababbin babura marasa kafireta suna da na'urar auna hayaƙi a wuyan salansa. In an cire ta, kwamfutar babur ta rasa abin da za ta riƙa gyara awon mai da shi.

Tiyon da ke fitowa daga murfin bawul zuwa akwatin iska numfashin inji ne. In an toshe shi da noti, matsi zai fasa robobin da ke tare baƙin mai. In an sake shi a ƙasa, ƙura zai zuƙa. A mayar da shi akwatinsa, a riƙa zubar da abin da ya taru a farin tiyon da ke ƙasan akwatin. Duk gwajin da ake yi inji na aiki kuma a yi shi a fili. Hayaƙin salansa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen zaure ko shago 'yan mintuna sun isa su kayar da mutum. A turo babur waje kafin a buga kik.