Yadda Ake Koyar da Kasuwanci a Manyan Makarantu har Ɗalibi Ya Iya Juya Jari

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa kowane ɗalibin jami'a a Najeriya darasin kasuwanci da dogaro da kai, ko likitanci yake karanta ko tarihi. Hukumar NBTE da ke Kaduna ta ɗora wa kwalejojin fasaha irin wannan, haka ma NCCE a kwalejojin ilimi. A sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, darasin ya zo kashi biyu: ENT 211 a aji biyu, sai ENT 312 a aji uku, wanda manufarsa ɗalibi ya kafa sana'a da kansa. Doka dai ta samu, manhaja ma ta samu. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibi ya ci darasin da maki mai kyau, alhali bai taɓa sayar wa baƙo da ko allura ba. Ya haddace ma'anar jari, amma bai san yadda jari ke zagwanyewa a hannun mutum ba. Maganin wannan guda ne: a cikin makonni 15 na zangon karatu, kowane ɗalibi ya zuba kuɗinsa, ya sayar wa mutanen da ba 'yan'uwansa ba, ya kuma rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita.

Makonni uku na farko: kasuwa kafin allo

Kada a fara da rubuta tsarin kasuwanci. Wanda bai san farashin buhun sukari a kasuwar Singa ta Kano ba, duk abin da ya rubuta ƙage ne, ko kuma kwafowa daga intanet. A fara da raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar a kowanne. Ƙasa da huɗu aiki ya yi musu yawa, sama da shida kuma sai biyu su yi aiki sauran su laɓe a bayansu.

Kowane rukuni ya zaɓi kasuwa ɗaya da haja ɗaya. A Kano akwai Kantin Kwari don atamfa da shadda, Dawanau don hatsi, Singa don kayan masarufi, Yankaba don kayan gwari, Farm Centre don wayoyi. Kowane gari yana da nasa, ko da kasuwar mako-mako ce. Su zauna da 'yan kasuwa uku aƙalla, su dawo da amsar tambayoyi ƙayyadaddu: daga ina ake saro kayan, nawa ne sari, nawa ake sayarwa ɗai-ɗai, kwana nawa kaya ke yi kafin su ƙare, nawa ne la'adar dillali da kuɗin dako, wane wata ciniki ke buɗewa, me ke yin kwantai. Sai malami ya riga su zuwa, ya gaisa da sarkin kasuwa ko shugabannin ƙungiya, domin ɗan kasuwa in ya ga baƙo da biro da takarda yana tambayar farashi, zato yake daga ofishin haraji aka turo shi. Da ɗan gari akan ci gari. A kuma ja wa ɗalibai kunne kada su je da safe lokacin da ake tsakiyar ciniki, kada kuma su tambayi mutum nawa yake samu a wata.

Bayan haka su yi magana da mutum 20 da ake sa ran za su sayi abin da rukunin ke son sayarwa. "Za ka saya?" ba tambaya ba ce, don kunya za ta sa kowa ya ce e. A tambaye shi yaushe ya sayi irinsa na ƙarshe, a ina, nawa, me ya ɓata masa rai game da shi.

Zaɓen sana'a da haɗa jari

Cibiyoyin koyar da sana'a na makarantu da yawa sun maƙale wa sabulun ruwa, man shafawa da turaren tsuguno. Ba laifi ba ne a iya haɗa su, amma in ɗalibai ɗari biyar suka fito da sabulu iri ɗaya a mako ɗaya, wa zai saya? Ya fi kyau sana'ar ta jiɓanci abin da ɗalibi ke karantawa. Mai karatun lantarki ya gyara fanka ko ya haɗa ƙaramar sola, mai karatun harsuna ya yi fassara da gyaran rubutu, mai kwamfuta ya tsara wa masu shaguna tallar WhatsApp. Ɗaliba da ke sayar da humra ko kayan kicin daga ɗakinta ta waya, ita ma kasuwanci take yi cikakke, a karɓa mata, muddin akwai lissafi.

Sharaɗi biyu ne kawai. Sana'ar ta iya juya kuɗi sau uku aƙalla cikin makonni takwas, sannan a iya naɗe ta cikin mako guda ba tare da babbar asara ba. Wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya san dalilin sharaɗi na biyu.

Jari ya zama ƙarami, wanda kowa zai iya: a ce kowane ɗalibi ya kawo ₦5,000 zuwa ₦10,000, wanda ba shi da hali kuma ya shiga da aikinsa bisa yarjejeniya. Malami kada ya taɓa kuɗin ko sau ɗaya. Daga ranar da kuɗin ɗalibai ya bi ta aljihun malami, zargi ya shigo, darasi ya lalace. Rukuni ya naɗa ma'aji da magatakarda, mutum biyu daban. Wanda ke riƙe kuɗi ba shi ke riƙe littafi ba.

Nan ne wurin koyar da hanyoyin samun jari, domin abin yana gabansu. Ɗalibai da yawa a Arewa ba za su karɓi bashi mai kuɗin ruwa ba, saboda haka darasin da ya tsaya kan rancen banki kaɗai bai amfane su ba. A nuna musu cewa abin da suka haɗa musharaka ce: riba bisa kason da aka amince, asara kuwa gwargwadon abin da kowa ya zuba. A bambanta ta da mudaraba, inda ɗaya ke kawo kuɗi ɗaya ke juyawa, asarar kuɗi ta faɗa kan mai kuɗi sai in an yi sakaci, da kuma murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da irinsa suna aiki da waɗannan. Adashi ma hanya ce, kuma ita ce ta tayar da ƙananan 'yan kasuwa da yawa. Su rubuta yarjejeniyarsu a shafi ɗaya, kowa ya sa hannu: nawa kowa ya kawo, yaya za a raba, me za a yi in wani ya janye.

Lissafin da ya kamata a daɗe a kansa

In akwai wurin da malami zai kashe awanni, to nan ne. Ɗauki zoɓo a matsayin misali, da alƙaluman gwaji waɗanda ɗalibai za su musanya da farashin kasuwarsu na ranar. Dahuwa ɗaya ta roba 100: zoɓo ₦3,000, sukari ₦6,000, citta da kanumfari da abarba ₦2,500, robobi ₦5,000, ruwa da gawayi ₦1,500, ƙanƙara ₦2,000. Jimla ₦20,000, wato kowace roba ta tsaya a ₦200. Ana sayarwa ₦300, ɗalibi zai yi murna ya ce ribar ₦10,000 ce.

Sai malami ya fara tambaya. Kular ƙanƙara da tukunya da rariya da aka saya ₦25,000 fa? Sai an sayar da roba 250 kafin su mayar da kuɗinsu. Wutar lantarki ta ɗauke, ƙanƙara ta narke, roba goma sun yi tsami: ciniki ya koma ₦27,000, riba ta sauko ₦7,000, kayan aiki kuma sai an yi dahuwa huɗu kafin su fanshi kansu. Abokan ɗaki sun ɗauki roba 15 "zuwa gobe": kuɗin da ke hannu ₦22,500 ne, in aka cire na dahuwa ta gaba saura ₦2,500. A takarda akwai riba, a aljihu babu. Sannan wadda ta tashi tun asuba ta tsaya kan wuta, da wanda ya yi yawo da kula a rana, in da haya aka ɗauke su ₦3,000 za a biya, ke nan ribar gaskiya ₦4,000 ce. Ɗalibin da ya bi wannan lissafi da hannunsa ya fahimci bambancin ciniki da riba, da bambancin riba da kuɗin hannu, kuma ya gane yadda mutum ke cinye uwar kuɗi yana zaton riba yake ci.

Littafin ciniki ba ya buƙatar manhajar waya ko ta kwamfuta. Littafin rubutu mai shafi 60 ya isa, a ja layi biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Bayansa a ware shafin bashi, da sunan mai karɓa da ranar alkawari, da shafin kayan da suka rage. A rubuta a ranar da abu ya faru. Duk abin da aka saya a nemi rasit, in babu, mutum biyu su sa hannu. Kuɗin da aka turo ta waya ko ta POS ya shiga asusu ɗaya da aka ware, kada ya gauraya da kuɗin abincin ma'aji. Ɗan rukuni in ya sha zoɓo ɗaya, a rubuta, ya biya.

Makonni takwas na ciniki

Daga mako na biyar zuwa na 12 ana saye da sayarwa, lacca kuma ta koma zaman bita. Kowane mako rukuni ya kawo littafi, mai dubawa ya ƙirga saura ya gwada da kuɗin da ke hannu, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan sa hannun shi ke hana a zauna dare ɗaya a ƙirƙiro lissafin wata biyu da biro ɗaya. Inda aji ya haura mutum dubu, kamar yadda aka saba a darussan gama-gari, malami ɗaya ba zai iya ba. A raba aikin ga sassa, kowane mai dubawa ya riƙe rukuni goma, a jawo ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu.

A gayyato 'yan kasuwa, amma a zaɓa da kyau. Hamshaƙin attajiri zai ba da labari mai daɗi, sai dai tazararsa da ɗalibi ta yi yawa. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ya yi shekaru yana yaron shago, ubangidansa ya sallame shi, yanzu yana da rumfarsa, ko matar da ta fara da tukunya ɗaya. A roƙe su su yi magana kan faɗuwar da suka taɓa yi, da yadda suke karɓo bashi ba tare da an ɓata zumunci ba.

Batun doka ya shigo a mako na tara ko na goma, lokacin da ɗalibai suka ga amfaninsa. Su buɗe shafin Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni su ga bambancin rajistar sunan kasuwanci da ta kamfani, su san cewa dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Masu abinci, abin sha, sabulu da man shafawa su san cewa kaya ba ya shiga kantuna da tambari sai da lambar NAFDAC. A nuna musu SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Bankin Masana'antu, da irin takardun da masu ba da tallafi ke nema.

Rabon maki

Yawancin makarantu suna ba jarrabawa 60 ko 70 cikin 100. To ragowar a ɗora shi kacokan kan aikin. In 40 ne, littafin ciniki ya ɗauki 15, binciken kasuwa 10, rahoton ƙarshe da kare shi 10, sai 5 daga makin da 'yan rukuni ke ba junansu a asirce. Kada a ba da maki a kan yawan riba. In aka yi haka, ɗan mai kuɗi zai sa 'yan gidansu su saye kayan duka, wasu kuma su ƙara sifili a littafi. Rukunin da ya faɗi da ₦8,000 amma ya nuna inda kowace naira ta bi, da abin da zai sauya, ya fi cancantar maki a kan wanda ya ce ya ci riba bai san ta ina ba. Jarrabawar ma ta zo da alƙaluma: a ba su farashi su fitar da adadin da za a sayar kafin a mayar da kuɗi, a daina cewa su kawo siffofi goma na ɗan kasuwa.

A mako na 13 a tsayar da ciniki, a ƙirga kayan da suka rage a farashin da za a iya sayar da su yau, a bi bashi, wanda bai fito ba a rubuta shi asara, a raba abin da ya saura bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Sai yanzu ne za a nemi tsarin kasuwanci, shafi biyar kacal, kuma kowane adadi da ke ciki ya fito daga littafin rukunin. Wajen karewa, malami ya zaɓi wanda zai amsa da kansa, ya buɗe littafin a kowane shafi ya ɗora yatsa kan layi ɗaya, ya ce: "Wannan ₦1,500 ta ranar Talata, me aka saya da ita?"