Ku raba imel na talla da na rasit

'Yan uwa masu tura wa kwastomomi imel da yawa, kada talla da rasit su fita daga domen ɗaya, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel. Ku ware wa kowanne nasa reshen domen (subdomain), ko Amazon SES kuka zaɓa ko Mailgun a cikin manhajojin tura imel.

Talla ce mutane ke jefawa cikin spam. Da sunan domen ya ɓaci, sai Gmail ya fara ɓoye har rasit ɗin ma.

Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta SPF, DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da asalin mai tura imel, ga mai tura imel 5,000 a rana zuwa Gmail, kuma ƙorafin spam kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Amma fa in sayen adiresoshin mutane kuka yi, wallahi rabawar ba za ta fisshe ku ba.